Shin Sarki Claudius Ya Yi Nadama Da Gaske?

Wani ɗalibi mai nazarin adabin Ingilishi ya aiko da tambaya a kan Sarki Claudius na cikin wasan kwaikwayon Hamlet, wanda William Shakespeare ya rubuta a wajajen shekara ta 1600. Abin da yake son sani shi ne, shin mutumin nan da ya kashe ɗan'uwansa, ya haye gadonsa, ya kuma auri matarsa, ya yi nadama ta gaskiya, ko kuwa durƙuson da aka ga ya yi yana addu'a wata yaudara ce daga cikin yaudarorinsa?

Amsata ita ce, laifin yana cin Claudius da gaske, kuma babu yaudara a cikin durƙusonsa, amma duk da haka bai tuba ba, domin abin da ya samu ta hanyar kisan ya fi masa daraja a kan gafarar da yake nema. Abin da ya sa yake da wuyar mantawa shi ne, shi da kansa ya fi kowa a cikin wasan fahimtar wannan, kuma shi ne ya faɗa da bakinsa. Sai dai kafin ka yarda da ni, ya kamata mu bi mutumin daki-daki, mu ga inda hujjar take.

Labarin ba Shakespeare ya ƙago shi ba. Wani marubucin tarihi na ƙasar Denmark, Saxo Grammaticus, ya rubuta labarin Amleth da Latinanci a wajajen shekara ta 1200, daga baya kuma François de Belleforest ya sake ba da shi da Faransanci a 1570. A tsohon labarin, baffan Amleth, mai suna Feng, bai ɓoye kisan ɗan'uwansa ba. Kowa ya san shi ya yi, shi kuma ya kafa hujjar cewa matar ɗan'uwan yake karewa daga zalunci. A wasan Shakespeare kuwa kisan ya zama na sirri. Tsohon sarki yana barcin rana a lambunsa, Claudius ya lallaɓo ya ɗiga masa dafi a kunne, sannan aka baza labari a duk faɗin Denmark cewa maciji ne ya sare shi. Wannan sauyi shi ne tushen duk abin da kake tambaya a kai. Wanda ya yi kisa a bainar jama'a yana fama da mutane ne, da tsoronsu da fushinsu. Wanda ya yi a ɓoye, ba mai shaida, ba mai zarginsa, to ba shi da abokin shari'a sai zuciyarsa, saboda haka dole marubuci ya buɗe mana zuciyar nan idan yana so mu ga ko akwai wani abu a cikinta.

Da farko dai ba a buɗe mana ita ba. A Kashi na 1, Fitowa ta 2, mun ga sabon sarki a fadar Elsinore yana magana cikin natsuwa da iya tsara zance. Ya ambaci rasuwar ɗan'uwansa da alhini, ya ambaci aurensa da Sarauniya Gertrude da murna, ya auna biyun kamar mai awo da sikeli, wai ido ɗaya yana dariya ɗaya yana hawaye, ya kuma tuna wa manyan fada cewa da shawararsu aka yi komai. Daga nan ya juya ga barazanar Fortinbras, yariman Norway, ya aika jakadu biyu, Voltemand da Cornelius, zuwa ga dattijon sarkin Norway, kuma aiken ya yi amfani, an kauce wa yaƙi ba tare da an zare takobi ba. Wannan iya mulki ne ya sa wani masanin adabi, G. Wilson Knight, a littafinsa na 1930, ya yi ƙoƙarin nuna cewa Claudius sarki ne nagari mai sassauci, Yarima Hamlet kuma, ɗan sarkin da aka kashe, shi ne cutar da ta shigo fadar. Ban yarda da wannan karatu ba, ko da yake ya taimaka wajen hana mu ɗaukar Claudius a matsayin dodo marar zuciya. Iya mulkinsa gaskiya ne, amma jawabin da ya fi kowanne santsi a wasan yana fitowa ne daga bakin mutumin da ya san cewa kowace kalma a cikinsa tana zaune a kan gawa.

Akwai wani abu da mai karatu zai iya tsallakewa idan bai san Ingila ta wancan zamani ba, wato batun auren kansa. A dokar cocinsu, auren matar ɗan'uwa haramun ne ko bayan mutuwarsa, ana lissafa shi da auren muharrama, kuma 'yan kallon Shakespeare ba su manta cewa Sarki Henry na 8 ya kafa hujja da wannan ne wajen warware aurensa da Catherine ta Aragon a 1533 ba, kasancewar ta fara auren wansa Arthur. Shi ya sa Hamlet da fatalwar mahaifinsa suke kiran auren ƙazanta. Ka riƙe wannan, domin idan mun zo addu'ar za ka ga Claudius ya ambaci kisan a matsayin zunubi, amma auren bai taɓa lissafa shi cikin abin da yake neman gafara a kansa ba.

Karo na farko da muka ji muryarsa ta ciki shi ne a Kashi na 3, Fitowa ta 1. Polonius, babban bafaden sarki, ya miƙa wa 'yarsa Ophelia littafin addu'a domin ta riƙa yin kamar tana karantawa a lokacin da su kuma za su laɓe su saurari Hamlet. Yana miƙa mata sai ya yi wata magana ta wucewa, cewa sau da yawa mutane kan shafa wa shaiɗan zuma da fuskar ibada. Maganar ba da sarki ake yin ta ba, amma sai ta same shi. Ya juya gefe, cikin zancen zuci da 'yan kallo kaɗai ke ji, ya ce maganar ta zabga wa lamirinsa bulala, ya kwatanta aikinsa da kuncin karuwa da aka rufe muninsa da kwalliya, ya kuma kira abin da yake ɗauke da shi kaya mai nauyi. Layuka kaɗan ne, amma a ganina su ne hujja mafi ƙarfi a kan tambayarka. A al'adar wasan kwaikwayo na wancan zamani, tauraro ba ya yi wa 'yan kallo ƙarya a zancen zuci, domin babu wanda yake son burgewa. A wannan lokaci kuma babu wanda ya tuhume shi, Hamlet bai riga ya shirya tarkonsa a gabansa ba, asirinsa a rufe yake ruf. Tsoron tonon asiri ba zai iya bayyana wannan zafi ba. Mutum ne da magana ta gama-gari ta taɓa masa miki, kuma a nan ne 'yan kallo suka fara samun tabbaci daga bakin mai laifin cewa fatalwar ba ƙarya ta yi ba da ta gaya wa Hamlet cewa Claudius ne ya yi kisan.

Fitowar da ke biye sananniya ce. Hamlet ya sa 'yan wasa sun kwaikwayi kisan wani sarki da dafi a kunne a cikin lambu, Claudius ya miƙe tsaye a tsakiyar wasa ya nemi a kawo masa fitila, taro ya watse. Ana iya muhawara a kan ko laifi ne ya ɗaga shi ko kuwa ya gane cewa Hamlet ya sani kuma yana yi masa barazana, tunda a wasan da aka nuna mai kisan ɗan ɗan'uwan sarki ne, kamar yadda Hamlet yake a gare shi. Ina ganin duka biyun suna nan, kuma haɗuwarsu ce ta kai shi ga durƙuso.

Fitowa ta 3 ta wannan kashi ita ce zuciyar al'amarin, kuma ya kamata ka karanta ta a hankali, ka fara daga abin da ya faru kafin addu'ar. Kafin ya durƙusa, Claudius ya riga ya umarci Rosencrantz da Guildenstern, tsofaffin abokan Hamlet, su shirya raka Hamlet zuwa Ingila, domin a cewarsa zaman yariman a fada haɗari ne. Wato sai da ya gama tsare gadonsa sannan ya juya ga ransa. Da aka bar shi shi kaɗai, ya fara da cewa laifinsa ya ruɓe, warinsa ya kai sama, kuma yana ɗauke da la'ana mafi tsufa, ta kisan ɗan'uwa, wato la'anar Kabila da ya kashe Habila. Bai sassauta wa kansa ba, bai ce tsautsayi ne ba, bai ɗora wa mamacin laifi ba kamar yadda Feng ya yi a tsohon labari. Ya tambayi kansa ko babu isasshen ruwa a sama da zai wanke hannun nan ya yi fari, ya kuma amsa wa kansa cewa ai rahama domin mai laifi aka yi ta, addu'a kuma tana da amfani biyu, ko ta tsare mutum kafin ya faɗi, ko ta samo masa gafara bayan ya faɗi. Har ya ɗan sami ƙarfin gwiwa, ya ce zai ɗaga ido sama, laifinsa ya riga ya wuce.

A nan ne ya ci karo da bango. Da ya zo furta roƙon, sai ya tambayi kansa da waɗanne kalmomi zai roƙa. Ya ce a gafarta masa mugun kisan da ya yi? Ya amsa cewa hakan ba zai yiwu ba, tunda har yanzu yana riƙe da abubuwan da ya yi kisan dominsu, ya kuma lissafa su guda uku: kambinsa, da burinsa, da sarauniyarsa. Sannan ya yi tambayar da ta taƙaita shi baki ɗaya, ko za a iya yafe wa mutum alhali yana riƙe da abin da ya yi laifin a kansa. Ya san amsar. Ya ce a wannan duniya da ta lalace, hannun mai laifi idan yana ɗauke da zinariya yakan ture gaskiya gefe, har ma a sayi shari'a da dukiyar da aka sata, amma a can sama babu wannan dabara, mutum da kansa za a tilasta wa ya ba da shaida a kan kansa.

Wannan ba sabon tunani ba ne ga masu kallonsa. Tun ƙarnuka kafin Shakespeare, Augustine, limamin Hippo a Arewacin Afirka, ya rubuta cewa ba a yafe zunubi sai an mayar da abin da aka ƙwace, kuma duk wanda ya san sharuɗɗan tuba a Musulunci ya san cewa mayar da haƙƙin mai haƙƙi yana cikinsu. Hausawa kan ce tuban muzuru, ana tuba kaza tana baki. Bambancin Claudius shi ne, ya san kazar tana bakinsa, ya faɗi haka, ya kuma ƙi kiran abin da yake yi tuba. Ilmin bai gaza masa ba ko kaɗan. Da za a ɗora shi a kan mumbari ya yi bayanin tuba, da bai bar komai ba.

Yana da kyau ka tsaya ka auna abin da mayar da haƙƙi zai ci masa, domin kada ka ɗauka ƙaramin abu ya kasa. Sauka daga gado ba zai wadatar ba sai ya faɗi dalili, faɗin dalili kuwa amsa laifin kisan sarki ne, hukuncinsa kisa. Zai rasa Gertrude, wadda babu alamar ta san yadda mijinta na farko ya mutu, domin lokacin da Hamlet ya jefa mata maganar kashe sarki a fitowar da ke biye, mamaki ta nuna. Zai rasa mulki da mata da suna da rai a rana ɗaya. Shakespeare bai sa shi cikin zaɓi mai sauƙi ba, shi ya sa ɗan kallo mai gaskiya yakan ji tausayinsa a wannan wuri ko da bai so ba. Amma ka lura da abu na biyu a lissafinsa. Kambi abu ne da ake iya cirewa a ajiye, mace ana iya rabuwa da ita, buri kuwa a cikin mutum yake. Da ya sa burinsa a tsakiyar abubuwan da yake riƙe da su, ya amsa cewa son da ya kai shi lambun nan bai mutu ba, yana nan da ransa, kuma da za a mayar da shi wancan yammaci babu tabbacin zai juya da kwalbar dafin. Yana ƙin nauyin laifin, amma bai ƙi ribarsa ba. A duk tsawon addu'ar kuma ba za ka ji ya yi kewar ɗan'uwansa ba, ba za ka ji ya tuna maraicin da ya jefa Hamlet a ciki ba. Damuwarsa duka a kan ransa ne da makomarsa, wato son kai ɗin da ya sa shi kisa shi ne ya biyo shi har cikin ibada.

Ya kwatanta ransa da tsuntsun da danƙo ya kama, yana fafutukar kuɓuta yana ƙara mannewa. Ya roƙi mala'iku su taimaka, ya umarci gwiwoyinsa masu taurin kai su lanƙwasa, ya durƙusa. A daidai wannan lokaci Hamlet ya shigo da takobi, ya same shi a haka, ya fasa kashe shi domin yana ganin wanda aka kashe yana addu'a aljanna zai tafi, shi kuwa so yake ya kama shi cikin sabo. Bayan ya wuce sai Claudius ya tashi ya faɗi layuka biyu da ke nufin kalmominsa sun tashi sama, tunaninsa ya tsaya a ƙasa, kalmomin da ba su da tunani kuwa ba sa isa sama. Ko a nan bai yaudari kansa ba, bai tashi yana cewa ya sami sauƙi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya tabbatar da hukuncin. Daga wannan fitowa ba mu sake jin ya yi maganar tuba ba. Bayan Hamlet ya kashe Polonius bisa kuskure, wasiƙar da Claudius ya aika Ingila ta ƙunshi umarnin a kashe yariman da zarar ya sauka, kuma a zancen zucinsa na Kashi na 4 ya kwatanta Hamlet da zazzaɓi mai tafasa a jininsa wanda sai Ingila ta warkar da shi. Dubi yadda cutar ta sauya mazauni. Ɗazu laifinsa ne yake ruɓewa a cikinsa, yanzu kuma wanda ya san laifin ne ya zama ciwon, maganinsa kuma kisa na biyu. Haka zuciyar da ta ga gaskiya ta kasa binta takan yi, ta daina neman wanke laifin ta koma neman kawar da mai tuna mata da shi.

Da dabarar Ingila ta rushe, sai ya juya ga Laertes, ɗan Polonius, wanda ya dawo daga Faransa da fushin mutuwar mahaifinsa har ya tayar da bore. Yadda Claudius ya tsaya gabansa ba tare da rawar jiki ba ya nuna ba matsoraci ba ne, ko da yake hujjar da ya kafa, cewa akwai kariyar Ubangiji da ke kewaye da sarki, tana da ɗaci a bakin wanda ya kashe sarki yana barci. Ya lallashi saurayin, ya juya fushinsa zuwa kan Hamlet, suka shirya wasan takobi da za a bar tsinin takobin Laertes a buɗe, Laertes ya ce zai shafa masa dafi, shi kuma sarki ya ƙara da ƙoƙon giya mai guba idan takobin ya kuskure. A cikin wannan hira akwai wani wuri da nake so ɗalibai su riƙa lura da shi. Sarki ya tambayi Laertes me zai iya yi domin ya nuna shi ɗan mahaifinsa ne, Laertes ya ce zai yanka maƙogwaron Hamlet ko a cikin coci ne, sarki kuma ya amince, ya ce babu wurin da ya kamata ya zama mafaka a irin wannan, ramuwa ba ta da iyaka. Mutumin da durƙuson addu'a ya ceci ransa, ba tare da ya sani ba, shi ne yake koya wa wani cewa ɗakin ibada ba ya hana kisa.

Saura batun Gertrude, wanda masu kare Claudius suka fi dogara da shi. Ya gaya wa Laertes cewa rayuwarsa da ransa a manne suke da ita, kamar tauraron da ba ya iya fita daga falakinsa, kuma ban ga dalilin ƙaryata shi ba. Yana sonta. Amma wasan ya gwada son nan a fitowar ƙarshe, a gaban kowa. Sarki ya jefa lu'ulu'u a cikin ƙoƙon, ya miƙa wa Hamlet, Hamlet ya ce a ajiye tukuna. Sarauniya ta ɗauka domin ta sha ta taya ɗanta murna. Claudius ya ce mata kada ta sha, ta ce za ta sha, ta roƙe shi ya yi mata afuwa. Tsakanin maganarta da kai ƙoƙon baki akwai ɗan lokaci da zai iya tsalle ya buge shi daga hannunta, ko ya ɗaga murya ya ce guba ce, amma yin haka tona kansa ne a gaban dukan fada. Abin da ya yi shi ne ya juya gefe ya ce ƙoƙon gubar ne, lokaci ya ƙure. Da ta faɗi, Hamlet ya tambayi abin da ya same ta, sarki ya ce ganin jini ne ya sa ta suma. Matarsa tana mutuwa a gabansa da gubar da ya zuba da hannunsa, shi kuma yana ƙirƙirar ƙaryar da za ta rufa masa asiri. A lissafin da ya yi lokacin addu'a kambi ne ya zo farko, sarauniya ta zo ƙarshe, kuma da ranar zaɓi ta zo a wannan jeri ya bi.

Idan kana son ka gane matsayinsa a cikin mugayen taurarin Shakespeare, ka ajiye shi kusa da biyu. Iago na wasan Othello ba ya nuna alamar lamiri, da aka kama shi ma cewa ya yi ba zai ƙara furta kalma ba. Macbeth kuwa laifi yana zuwa masa ne a siffar gani da firgita, wuƙa a iska, fatalwa a kan kujera, barcin da ya ƙaurace masa, har ya ce ya yi nisa cikin jini yadda komawa baya ta yi daidai da ƙarasawa a wahala. Claudius bai taɓa ganin fatalwar ɗan'uwansa ba, hankalinsa bai gushe ba, yana ci yana sha yana mulki. Laifinsa yana zuwa masa ne a siffar hujja, ya bi ta har ƙarshenta, ya ga abin da take nema daga gare shi, ya tashi ya ci gaba da harkarsa. A wurina wannan ya fi na Macbeth ban tsoro, domin ya fi kusa da yadda mutane masu hankali da natsuwa suke zama da zaluncin da suke cin moriyarsa.

Shakespeare ya ajiye masa ma'auni a fitowar ƙarshen, wato Laertes. Shi ma ya shiga makircin da saninsa, shi ma lamirinsa ya soke shi kafin ya kai sara, amma da ya ga mutuwa sai ya faɗi gaskiya a gaban jama'a, ya ce takobin da dafi, ya ce sarauniya guba ta sha, ya ce sarki ne mai laifi, ya kuma nemi su yafe wa juna shi da Hamlet, Hamlet ya yafe masa. Claudius ya sami irin wannan dama a cikin daƙiƙu ɗaya da wuri ɗaya, asirinsa ya riga ya tonu, babu sauran abin da shiru zai tsare masa. Bayan Hamlet ya soke shi, maganarsa ta ƙarshe kira ce ga mutanensa su kare shi, yana cewa rauni kawai aka yi masa. Idan za ka rubuta amsa a kan wannan tambaya, ka kafa hujjar jin laifinsa da zancen zucin Kashi na 3, Fitowa ta 1 da kuma addu'ar, ka kafa hujjar rashin tubarsa da wasiƙar Ingila da ƙoƙon Gertrude da wannan magana ta ƙarshe, kada kuma ka bar ɗayan ɓangaren ya shafe ɗayan.